Ɗana ba ya iya zaɓar ko rigar da zai sa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ina da yara biyu, namiji ɗan shekara bakwai da ƙanwarsa mai shekara huɗu. Shekara uku ke nan da muka tashi daga gidan su maigidana a cikin gari, muka koma namu a sabuwar unguwa, gida mai katanga da get. Yaran ba sa fita sai makarantar boko da Islamiyya, su ma babansu ke kai su ya ɗauko su, saboda halin da ake ciki. Damuwata babban ne. Ko riga biyu na ajiye masa sai ya tsaya yana kallona, "Umma wacce zan sa?" In na ce ya zaɓa sai idonsa ya ciko da ƙwalla. Malamarsu ta ce a aji duk abin da abokinsa ya yi shi yake yi. Kwanan nan na gano kusan sati biyu yana miƙa wa wani yaro kuɗin tararsa don kawai ya ce ya ba shi. Babansa ya ce ai ladabi ne, yaro ba shi da zaɓi sai abin da aka zaɓa masa. Hajiya surukata kuma ta ce ni na kashe masa zuciya da kulle. Na rasa wanda zan bi.

Uwar biyu, daga Kano

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda hankalina ya tsaya shi ne ƙwallar nan da ke cika masa ido in kin ce ya zaɓi riga. Yaron da abin bai dama ba, ɗaya zai fizga ya zura ya fice. Wanda ya tsaya yana kallon fuskarki kuwa, ya riga ya sa a ransa cewa cikin rigunan nan biyu akwai ta daidai akwai ta kuskure, amsar tana wurinki, in ya kuskure kuma akwai abin da zai biyo baya. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na ga irinsa da yawa. Su ne za su rubuta harafi ɗaya su ɗago kai su dubi malama kafin su rubuta na biyu. Yawancinsu masu ƙoƙari ne, kuma daga gidajen da ake ji da su suka fito. Ki tambayi kanki, ke kaɗai, ba don ki ga laifin kanki ba: sau nawa ya taɓa zaɓa kika ce, "Haba, wannan za ka sa? Cire ka sa waccan"? In yaro ya zaɓa sau biyar aka warware masa sau biyar, a na shida jira zai yi a faɗa masa.

Ni ma haka na yi da 'yata ta fari, sai da ta kusa shiga sakandare na farga, kuma gyaran ya ɗauke mu lokaci. Ɗan fari na yanzu ya sha bamban da na da. A da kunyarsa ake ji, uwa ko sunansa ba ta faɗa, da an yaye shi sau da yawa a ɗakin kaka ko gwaggo yake tashi, cikin yara. Yanzu shi ne wanda ido huɗu ke kansa dare da rana. Naki shekararsa bakwai kacal, lokaci bai ƙure miki ba ko kaɗan.

Maganar Hajiya ta yi zafi, na sani. "Kashe zuciya" ba ƙaramar kalma ba ce a faɗa wa uwa. Amma ki ajiye zafin a gefe ki dubi abin da ta hango. Ita ta reni 'ya'yanta a gidan yawa, inda ɗan shekara bakwai kafin azahar ya yanke shawara ta fi ashirin ba tare da kowa ya lura ba. An aike shi sayen manja, ya tarar mai manja bai fito ba: ya dawo hannu biyu ko ya ƙarasa shagon gaba? An ba shi canji bai cika ba: ya yi magana ko ya yi shiru? Yana kan aiken kakarsa matar baffansa ta kira shi ta ɗora masa wani: wanne zai fara? Ya dawo, wata ta yaba, wata ta yi faɗa, gobe ya gyara. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa darasi. Wata Ba'amurkiya mai nazarin zamantakewa, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 tana bibiyar aikin yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Abin da ta gano shi ne harkar matan kulle kusan kacokan a ƙafar yara take tafiya: su ke kai saƙo, su ke cefane, su ke riƙe kuɗi, su ke shiga gidan da babban namiji ba ya shiga. Ba talla nake kira a koma ba, mun ga illarta ga karatu da mutuncin 'ya'ya mata. Ina nuna miki ne cewa yaron wancan lokacin ana ba shi amana ta gaske, mai riba da asara, tun yana ƙarami.

Sannan ga wasa, wanda a ganina shi ne babbar makarantar. Ki tuna yadda ake langa a ƙofar gida. Kafin a ɗaga ƙafa ɗaya sai an raba 'yan wasa, an yi musu a kan wa zai zama ruwa, wa zai tare masa. Wani ya ce an yi maguɗi, a tsaya a yi ta ja, ƙarshe a shirya, don kowa ya san in aka watse ba wasa. 'Yan mata na carafke ko 'yar gala-gala, wata ta taka layi ta ce ba ta taka ba, sauran su yanke hukunci. Tashe ya fi duka. Da azumi ya kai goma yara za su haɗa kansu, su zaɓi wasan da za su yi, su raba wa zai sa gemun auduga wa zai riƙe gwangwani, su san gidan da ake bayarwa da gidan da ake kora, in dare ya yi su zauna su kasa abin da aka samu. Kason nan shari'a ce sosai, ana yin ta ba alƙali. Yaron da ya yi tashe sau uku ya san yadda ake cewa "ban yarda ba" a gaban sa'o'insa kuma ya kwana lafiya. Wannan ne ɗanki bai samu ba. A makaranta malama ke tsara komai, a Islamiyya malam, a mota baba, a gida ke. Ina zai ga wurin da maganarsa ke da nauyi?

Duk da haka ba zan ce ki buɗe get ki sake shi ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, kuma shirwar zamanin nan ta gaske ce. Unguwar da Hajiya ta sani kowa ya san ɗan kowa, mai shayi da mai faci da tsohuwar da ke sayar da daddawa duk masu gadi ne ba albashi. A sabuwar unguwa mutum sai ya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Tsoronki yana kan hanya. Abin da ya rage shi ne ki gina wa yaranki ƙaramar unguwa da hannunki, tunda ba ki tarar da ita a gine ba.

Ki fara da maƙwabta. Na tabbata a layinku akwai mata biyu ko uku da ke cikin irin halinki, kowacce ta kulle nata tana kallon su suna danna waya. Ki sallama musu, ki kai ɗan abin hannu, ku saba. In hankalinki ya kwanta da gida biyu, ku yi karɓa-karɓa: Asabar da yamma yara a gidanki, mako mai zuwa a gidan wata. Yara biyar ko shida sun isa, kuma ya fi kyau su bambanta a shekaru, daga ɗan huɗu zuwa ɗan goma, don ƙarami a wurin na gaba da shi yake ɗaukar abu da sauri, babba kuma in aka bar masa ƙanne sai ya koyi riƙo. Kada ki kunna musu talabijin. Ki zuba musu ƙwallo, da duwatsun carafke, da gwangwanaye, da igiya, ki ja tabarmarki nesa kaɗan inda kina gani kina ji, ki kama tsinkar zogale ko wani aikin.

Abu mafi wuya a nan shi ne riƙe baki. Za su yi gardama. Za ki ji an danne ɗanki, an ce shi ne mai tsaron gida alhali buga ƙwallo yake so, zuciyarki za ta ce ki tashi. Kada ki tashi, sai in an kai ga duka, ko zagi, ko an ware yaro ɗaya ana yi masa taron dangi. In ya zo da ƙara, "Umma sun hana ni," ki ce masa, "To kai me kake so? Je ka faɗa musu." Ran farko ba zai iya ba. Wataƙila sai a zama na biyar ki ji muryarsa ta ɗaga a tsakar gida yana cewa ai layinsa ne. Ranar ki gode wa Allah a zuciyarki, kada ki fito ki ce ya rage murya.

Gidan Hajiya kuma ki mayar da shi makaranta, maimakon wurin da ake zuwa gaisuwa a tsaitsaye. Ki bar shi ya kwana can wasu ranakun Juma'a ko lokacin hutu, cikin 'ya'yan baffanninsa da taubasansa. Akwai hikima a wasan jika da kaka da ba mu cika lura da ita ba. Kaka ce babbar da yaro ke iya mayar wa magana ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ta ce masa, "Maigida, ina kuɗin cefane?" ya ce ai ya sake ta, a yi dariya. A nan yaro ke gwada bakinsa a gaban manya ba tare da tsoro ba. Ki je da kanki ki ce, "Hajiya, na yi tunanin maganarki, ga maigidanki nan ki taya ni." Za ki ga yadda za ta sauko. Tsofaffi sau da yawa faɗansu neman a sa su cikin lamari ne. Sai dai ki roƙe ta abu ɗaya, kada a riƙa kiransa matsoraci ko ɗan Umma a gaban yara, don suna irin wannan in ya kama yaro da wuya ya sake shi.

A cikin gida, ki rage girman zaɓin ki ƙara gaskiyarsa. Buɗe masa durowa ki ce ya ɗauka ya yi masa yawa. Abu biyu, waɗanda duka kin yarda da su: koko ko shayi, aikin gida kafin la'asar ko bayanta, shara ko ban ruwan shuka. In ya zaɓa, magana ta ƙare, ko da a ranki ɗayan kika fi so. In ya ce ke ki zaɓa, ki ce, "Duka biyun suna da kyau, ina kicin, ka same ni in ka gama," ki fita. Fuskarki ce yake karantawa, to ki ɗauke masa ita. Daga nan ki matsa zuwa kuɗi. Ku je shagon unguwa tare, ki ba shi naira 500 a hannunsa, ki tsaya a baya, shi zai yi sallama, shi zai tambayi farashi, shi zai karɓi canji. In Sallah ta matso za ku shiga Kantin Kwari, ki ware yadi biyu da kuɗinku zai iya, ya nuna nasa, a wurin tela ma a tambaye shi irin aikin da yake so a wuya.

In da hali, ki saya masa kaza. Da gaske nake. Kakanninmu da suke ba jika 'yar kaza ko 'yar akuya sun san abin da suke yi. Kaza tasa ce, shi zai ba ta dusa da ruwa, shi zai rufe akurki da magariba. Ran da ta fara ƙwai shawara ta same shi: a soya masa yau, ko a bar mata ta kwanta? In ya bari, kwana 21 zai yi yana leƙe kafin ta ƙyanƙyashe. In ya cinye, ya ga akurki ba tsaki. In 'yan tsakin sun girma, a sayar da zakara a sa a asusu ko a yanka ran Sallah? Wata rana shirwa ko ciwo zai ɗauki ɗaya, ya yi kuka, ya gane cewa ko an yi dabara daidai akan yi asara. Ban san wani abin wasa na kanti da ke koyar da rabin wannan ba.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba sai in abin da aka ce nasa ne ya zama nasa. A nan mu iyaye mata muke da laifin da muka mayar ba komai ba. Yaro ya yi yawon Sallah ya tara kuɗinsa, mu ce, "Kawo in ajiye maka," shi ke nan an shafa fatiha. Ya tambaya bayan wata guda, a ce, "Abincin da kake ci fa?" A Jami'ar Rochester ta Amurka an yi wani gwaji da aka wallafa a 2013, da yara 28 'yan shekara uku zuwa biyar. An yi wa kowane yaro alkawarin kawo masa kayan zane masu kyau. Rabinsu aka cika musu, rabi aka dawo aka ce babu. Daga baya aka ajiye wa kowa alewa ɗaya, aka ce in ya jira bai ci ba za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Yaran nan lissafi suka yi: wanda ya saɓa ɗazu zai saɓa yanzu. In kin karɓi kuɗinsa, ki ƙirga a gabansa, ki rubuta, ko ku sa a asusun ƙasa ya ajiye da kansa. In buƙata ta sa kin taɓa, ki faɗa masa rance ne, ki kuma biya.

Yanzu maganar maigida. Kada ki tunkare shi da cewa ya yi kuskure, don bai yi gaba ɗaya ba. Ladabi da haƙurin da tarbiyyarmu ke dasawa dukiya ce. Irin gwajin alewar nan an yi shi da 'ya'yan manoman ƙabilar Nso a Kamaru da yaran Jamus 'yan shekara huɗu, aka fitar da sakamakon a 2017: kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti goman da aka ɗiba, na Jamus kuwa kashi 28. Ba wanda ke son a zubar da wannan. Kuma akwai abubuwan da ba a sa su a zaɓi: salla, zuwa makaranta, shan magani, gaida manya, lokacin barci. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki fara da tabbatar masa da wannan, sannan ki kawo masa abin da na san zai saurara.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha. Ya sha, a damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Sunna ita ce a miƙa wa na dama. Sai ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan. Yaron ya ce ba zai bar wa kowa rabonsa daga hannun Manzon Allah ba. Annabi ya danƙa masa ƙwaryar. Ki duba da kyau: an tambayi yaro a gaban manya, ya ce a'a, aka bar shi a kan a'arsa, ba wanda ya kira shi marar kunya. A Suratus Saffat, aya ta 102, Annabi Ibrahim da umarnin Allah a hannunsa, sai da ya faɗa wa ɗansa mafarkin ya ce ya duba me ya gani. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an ce a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, malamai kuma sun bayyana cewa ana ba su kaɗan su juya a ga hankalinsu. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Shekara bakwai ɗin da ɗanku yake ciki ita ce aka ce a fara umartar yaro da salla, malamai na kiran lokacin shekarun tamyizi, wato rarrabewa. Addini ya ɗauka yaron nan ya fara rarrabe abubuwa, saura mu ba shi abin da zai rarrabe.

Ki roƙi babansa ya riƙa ɗaukarsa, ba kai shi makaranta kawai ba. Masallacin Juma'a, ɗaurin aure, kasuwar Rimi, wurin bakanike, majalisar abokansa na ɗan lokaci. Ya ga yadda maza ke ciniki, yadda ake taya kaya a bar su a tafi, yadda ake saɓani a rabu ana dariya. A hanyar dawowa baban ya riƙa faɗin tunaninsa a fili: "Ka ga buhun can ya fi arha, amma na ga ƙwari a bakinsa, shi ya sa na ɗauki wannan. Kai da wanne za ka ɗauka?" Yara suna ganin abin da muka yanke, amma ba sa ganin yadda muka auna kafin mu yanke, sai su ɗauka manya ba sa ruɗewa. Ke ma in kina lissafin cefane ki yi shi da murya a gabansa.

Batun kuɗin tara shi ne ya fi gaggawa, kada ki bari ya kwana. Ki je makarantar ki sami malama a keɓe, ki tabbatar ko roƙo ne ko ƙwace da barazana, don maganinsu ba ɗaya ba ne. In ƙwace ne, aikin manya ne, makaranta ta kira iyayen wancan yaron. Kada ki doki ɗanki ko ki kira shi sakarai, in kin yi haka gobe ɓoye miki zai yi. Ki ce masa kyauta abu ne mai kyau in zuciyarsa ce ta so, amma wanda aka ba don tsoro ba kyauta ba ce. Sannan ku yi wasan kwaikwayo a ɗaki. Ke ce yaron, ki ce, "Ba ni kuɗinka." Shi kuma ya dube ki ya ce, "A'a, nawa ne." Ku maimaita har ya daina sunkuyar da kai, ku juya shi ya zama mai tambaya, ƙanwarsa ma ta shiga, a yi dariya. Kalmar da baki bai saba da ita ba ba ta fitowa ranar tsoro.

Wannan ne ma amsar da za ki ba maigida in ya sake cewa ladabi ne. Yaron da aka koya wa cewa duk wanda ya ba shi umarni sai ya bi, ba zai bambance umarnin babansa da na wani ba. Yau ɗan ajinsu ne da naira ɗari biyu. Gobe babban mutum ne da ya sani yake ce masa ya shigo mota, ko ya zo ɗaki kada ya faɗa wa kowa. Jibi yana ɗan shekara sha biyar, aboki ne ke miƙa masa kwalba. Katangar gidanku ba ta bin sa waɗannan wuraren. Ki koya masa jimla ɗaya da zai faɗa wa kowane babba, ko wanda ya sani ne: "Sai na tambayi Umma." Ki kuma tabbatar masa duk wanda ya ce ya ɓoye miki wani abu, wannan abin shi ne farkon wanda zai faɗa miki, kuma ba za ki yi masa faɗa ba.

Zai yi zaɓin banza, ki shirya wa wannan. Zai kashe kuɗin asusunsa a motar roba da za ta karye kafin magariba. Sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda ke auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin, don haka kada ki nemi hangen dattijo a wurin ɗan bakwai. In motar ta karye, ki haɗiye "ba na faɗa maka ba," kada kuma ki saya masa wata. Ki zauna kusa da shi ya gama jin haushinsa, in ya huce ki ce, "In ka sake tarawa me za ka duba kafin ka saya?" Ko me ya faɗa ki karɓa. In kuma zaɓinsa ya yi kyau, ki faɗi abin da ya yi daidai a gaban babansa: "Yau shi ya lura canjin bai cika ba, ya koma ya karɓo."

Ƙanwar ma ki fara da ita tun yanzu, da ɗankwali biyu ko kofi biyu. Sai dai ko ta fi shi baki, kada ki riƙa auna shi da ita.

In kin yi wata uku ko huɗu a kan wannan ba ki ga motsi ba, ko kuma kin lura tsoron ya wuce na zaɓi, yana yawan ciwon ciki da safe in za a tafi makaranta, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ba ya magana sam a waje, ko kamar ba ya jin abin da ake faɗa sosai, to ki kai shi a duba shi. A Kano akwai Asibitin Yara na Hasiya Bayero, akwai kuma sashen yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wani lokaci yaron da ke kwaikwayon na kusa da shi a aji, allon ne ba ya gani ko muryar malama ce ba ta isa kunnensa.

Juma'ar nan mai zuwa ki goge masa kaftani biyu ki shimfiɗa a kan gado, ki ce ya shirya babansa na jira, ki ja ƙofa. Duk wanda ya fito da shi, ki gyara masa wuya ki miƙa masa hula. Ki rubuto min bayan Sallah in ji yadda aka ƙare da kazar.